Ƙuri'a Ta Faɗo Kanka: Yadda Ake Shirya Farautar Barewa Mai Kunnen Alfadari Karo Na Farko

A ƙarshen Mayu ko farkon Yuni ne hukumar kula da namun daji ta jihar Kolorado a Amurka, wadda ake taƙaitawa CPW, take fitar da sakamakon ƙuri'ar lasisin farauta. Mutum ya cike takarda tun farkon Afrilu, wani ma ya shekara uku ko biyar yana tara makin fifiko da ake ba wanda bai ci ƙuri'ar ba, sai ga saƙo cewa sunansa ya fito. Murnar ta kwana biyu ce. A rana ta uku zai buɗe taswira ya tarar yankin da aka ba shi ya kai girman ƙaramar hukuma guda, duk duwatsu da kwazazzabai, kwanakin farautar bindiga kuma tsakanin 5 ne zuwa 9. Daga nan aikin yake farawa, kuma aikin shi ne rage wannan makeken daji har ya koma wurare uku da ka san inda za ka zauna a cikinsu kafin gari ya waye.

Dabbar da ake magana barewa ce ta yammacin Amurka, an laƙaba mata sunan alfadari saboda manyan kunnuwanta. Gindinta fari ne, bakin wutsiyarta baƙi, ƙahon namiji kuma yana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. In ta firgita takan yi tsalle da ƙafafu huɗu a lokaci guda, kamar an ɗaura mata roba. Akwai ta a Kolorado, Wayomin, Yuta, Aidaho, Montana, Nebada da Arizona. Zan fi kafa misali da Kolorado domin dokokinta na fi sani, kuma tun 1999 ba a sayar da lasisin barewa a can barkatai, an ƙayyade adadin kowane yanki. In a wata jiha ka ci ƙuri'a, tsarin shirin ɗaya ne amma dokar ta bambanta.

Fara da takardar hannunka

Lambar da ke kan lasisinka tana faɗin abu biyar: irin dabbar, namiji ko mace, yankin, zangon farautar, da makamin da aka yarje maka, wato baka, bindigar ɗuri ko bindigar zamani. Karanta ta harafi bayan harafi, ka gwama da littafin dokokin wannan shekarar, kar ka dogara da na bara. Wasu lasisin na gonaki da filayen masu zaman kansu ne kawai. Wasu kuma sun haɗa yankuna biyu ko uku, abin da ke buɗe maka ƙasa mai yawa.

Dokoki kaɗan da za ka haddace tun yanzu. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 sai ya mallaki shaidar kwas ɗin koyon farauta. Mai farauta da bindiga sai ya sa tufa ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, inci murabba'i 500 daga ƙugu zuwa sama, haɗe da hula da ake gani ta kowane gefe. Ana harbi daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta. Lasisin namiji yana nufin dabba mai ƙaho da ya kai aƙalla inci 5. Ba a ɗaukar bindiga da harsashi a bakinta cikin mota, ba a harbi daga kan titi ko a tsallaka shi, ba a kuma neman dabba da jirgi maras matuƙi.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Amurka akwai ƙarin magana. Mai katin zama na dindindin yana iya riƙe bindiga. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki, dokar tarayya ta hana shi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki. Wannan batu ne da ake warwarewa a watan Yuni tare da wanda ya san doka, kada a bar shi sai an kusa tafiya.

Kwanan wata shi ne ke faɗa maka tsayin da za ka hau

Nan ne sababbi suka fi yin asara, don haka zan daɗe a kai. Wannan barewa ba ta zama wuri ɗaya duk shekara. A Wayomin masu bincike sun bi wani garke da ke tafiyar mil 150, kusan kilomita 240, daga hamadar da ake kira Red Desert zuwa kwarin Hoback, ya kuma dawo kowace shekara. Ba kowane garke ke yin irin wannan nisa ba, amma kusan duk na kan duwatsu suna hawa da rani, su sauko in sanyi ya kama. Wurin da ka ga maza goma a watan Yuli yana iya zama kango a watan Nuwamba.

In lasisinka na baka ne, wanda a yankin duwatsun Kolorado yake kamawa daga 2 zuwa 30 ga Satumba, to mazan suna can sama, mita 3,000 zuwa sama, har inda itatuwa suka ƙare sai ciyayi masu laushi. Suna yawo ƙungiya-ƙungiya, jikinsu ja-ja, ƙahonsu lulluɓe da fata mai gashi wadda take da zafin taɓawa, shi ya sa suke guje wa sarƙaƙiya su tsaya a fili. Wannan ne lokacin da abin da ka gani a Agusta yake nan a ranar buɗe farauta. Da sun goge fatar ƙahon a farkon Satumba, sai su fara shigewa duhun itatuwa.

Ƙarshen Oktoba shi ne mafi wuya. Manyan maza sun rabu da juna, sun koma launin toka, suna kwance a tsakiyar dutse cikin kurmi, ba sa fitowa sai da duku-duku da kuma dab da magariba. Mai wannan zango ya nemi bakin kurmi, inda duhun itatuwa ya haɗu da ɗan fili mai abinci, ya kuma shirya wa dogon zama.

Daga tsakiyar Nuwamba lokacin barbara ke shigowa. Namijin da ya yi wata guda a ɓoye sai ka gan shi da rana tsaka, wuya a kumbure, yana bin mata. A wannan zango ka daina neman namiji, ka nemi garken mata a ƙananan tuddai inda tazargaden daji ya yi yawa. Wannan ɗan itace mai launin toka da ya rufe filayen yammacin Amurka dangin tazargaden da muka sani ne, ƙamshinsu ma yana kama. In ka samu mata ashirin a wuri, ka riƙa duba su safe da yamma, namiji zai zo.

Dusar ƙanƙara tana iya sauya duk wannan lissafi cikin dare ɗaya. Saboda haka wuraren nan uku da za ka zaɓa kada su kasance a tsayi ɗaya: ɗaya sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa.

Aikin taswira a watan Yuni

Abu na farko shi ne sanin ƙasar wa za ka taka. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, wato BLM, tana riƙe da eka kusan miliyan 245 na filin gwamnati, hukumar gandun daji ta tarayya kuma kusan miliyan 193, kuma galibinsu kowa na iya farauta a ciki. Matsalar ita ce filayen mutane suna cakuɗe da su. A Kolorado doka ba ta tilasta wa mai fili ya kafa allo ko shinge ba, alhakin sanin iyaka yana wuyanka. Manhaja irin onX Hunt ko Gaia GPS tana nuna iyakokin, CPW ma tana da taswirar mafarauta kyauta a intanet mai nuna mazaunin barewa na rani, na hunturu, da hanyoyin ƙaurarta. Sauke taswirar cikin waya tun kana gida, domin a daji babu sabis.

Sai hanyoyi. Hukumar gandun daji tana buga taswirar da ke nuna wace hanya mota za ta bi da watannin da take buɗe. A dazuzzukan da dokar tarayya ta kare daji ta 1964 ta keɓe ba a shiga da mota, babur, ko ma keke. A Wayomin kuwa baƙon da ba ɗan jihar ba ba ya farautar manyan dabbobi a irin waɗannan dazuzzuka sai da ɗan jagora ko ɗan jiha mai izinin rakiya.

Yanzu buɗe Google Earth ka karkata hoton yadda za ka ga tudu da kwari. Abin da kake nema guda huɗu ne kusa da juna: abinci, makwanci, ruwa, da wurin da kai za ka zauna ka hango su. Gangaren da ke fuskantar arewa ya fi inuwa da itatuwa, nan suke kwanciya. Wanda ke fuskantar kudu ya fi rana, ƙanƙara tana saurin narkewa, nan suke kiwo in sanyi ya yi tsanani. Wurin da gobara ta ci shekaru kaɗan baya yakan fito da sabon toho da suke so ƙwarai. Na huɗun nan, wato wurin hange, shi mutane ke mantawa. Kwari mai kyau da ba ka da inda za ka hange shi daga nesa bai amfane ka ba. Nemi ƙoƙuwar tudu da ke kallon gangare biyu ko uku, kuma don zaman safe ka zaɓi wadda rana za ta fito ta bayanka.

Ni nakan zana da'ira kusan kilomita ɗaya da rabi daga kowace hanyar mota, in fi mai da hankali ga abin da ke wajen da'irar, ko abin da ke cikinta amma sai an hau gangare mai wuya. Yawancin mafarauta ba sa nisa da motarsu, barewa kuma ta san haka.

Duba alƙaluman da hukuma take wallafawa na yawan mafarauta da yawan waɗanda suka yi nasara a yankinka, amma ka kula da shekarunsu. Hunturun 2022 zuwa 2023 ya kashe barewa da yawa a arewa maso yammacin Kolorado da yammacin Wayomin, har aka rage lasisi. Alƙaluman kafin wannan shekara ba za su ba ka hoton gaskiya na waɗannan wurare ba.

Bayan ka yi wannan duka, sai ka kira ofishin hukumar na yankin ka nemi jami'in da ke kula da dabbobin wurin. Kada ka tambaye shi ina barewa take, don kowa haka yake tambaya kuma amsa ɗaya ake ba kowa. Ka ce masa ga kwari kaza da kaza da na zaɓa, ga zangona, a wane tsayi dabbobin suke a wannan mako in ba a yi ƙanƙara ba, wace hanya ce take lalacewa in an yi ruwa, ina mutane suka fi cunkoso. Wanda ya ga ka yi aikinka yakan buɗe maka baki.

Gani ya kori ji

Ka je da ƙafarka aƙalla sau biyu in hali ya yi: sau ɗaya a Yuli ko Agusta, sau ɗaya kwana biyu ko uku kafin buɗe farauta. In sau ɗaya kawai za ka iya, zaɓi na biyun.

Tafiyar farko ta koyon ƙasa ce. Bi kowace hanya da ka yi niyyar bi, ka ga ko akwai ƙofa a kulle, ko motarka za ta iya. Hau kowace ƙoƙuwa da ka sa wa alama, ka zauna, ka duba ko da gaske ana ganin abin da kwamfuta ta nuna. A shekarata ta farko na dogara da wani tudu da ya yi kyau a hoto, na hau shi cikin duhu ranar buɗewa, gari na wayewa na tarar itatuwa sun tsaya mini a gaba ta ko'ina. Safiyar da ta fi kowace daraja ta tafi a haka, kuma tafiya ɗaya a watan Agusta da ta hana. Auna kuma minti nawa hawan yake ɗauka, ka ƙara rabin wannan don duhu da kaya.

Duba ƙasa. Sawu mai tsawo da faɗi, mai nutsewa, galibi na babban namiji ne. Kashi mai laushi da sheƙi sabo ne, busasshe mai fari ya kwana biyu, amma ko tsohon yana da amfani: tarin tsohon kashi a ƙaramin tudu yana nuna nan suke hunturu. Ƙananan itatuwa da aka goge wa ɓawo, da ƙahon da ya faɗi, duk labari ne na inda maza suke da kaka da hunturu. Maɓuɓɓugar da taswira ta nuna, je ka gani ko akwai ruwa. Abin da ba za ka yi ba shi ne kutsawa cikin makwancinsu. Namiji babba in ka tashe shi sau biyu yana iya barin kwarin gaba ɗaya. Game da kyamarar da ake ɗaurawa a itace, bincika dokar jiharka, Arizona ta hana amfani da ita don farauta tun farkon 2022.

Yadda ake duba dutse

Wannan farauta da ido ake yin ta fiye da ƙafa. Madubin hangen nesa mai lamba 10x42, wato mai kusanto da abu sau goma, ya isa, amma ka ɗora shi a kan maɗori mai ƙafa uku. Bambancin yana da girma: hannu yana rawa, kuma in hoton yana rawa ba za ka ga motsin kunne ba. Zauna, jingina bayanka, kada ka tsaya a kan tsororuwar tudu inda sama za ta fito da siffarka. Fara duban gaggawa na filayen da ke buɗe, sannan ka raba gangaren gida-gida. Tsayar da madubin wuri ɗaya, ka bar idonka ya zagaya cikin hoton, sannan ka matsa kaɗan. In ka gama ka sake daga farko.

Kada ka nemi barewa sukutum. Nemi farin gindi, layin baya a kwance a inda komai yake tsaye, kunnuwa biyu, reshe da ya yi sheƙi fiye da sauran. Sa'a biyu a wuri ɗaya ba ta yi yawa ba. Da hantsi, in rana ta juya inuwa ta gudu daga kansu, sukan miƙe su sake makwanci, kuma wanda ya koma tanti cin abinci ba zai ga wannan ba.

Bindiga, jiki da kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi ƙanƙantar faɗin bakin bindiga da Kolorado ta yarda da shi shi ne inci .24, kuma .270, .308, .30-06 ko 6.5 Creedmoor duk sun wadatar. Saita ta a yadi 200, sannan ka bar teburin filin gwaji ka koyi harbi a kwance bisa jakarka, da a zaune. Wurin da ake nufi a ƙirjin barewa bai wuce faɗin faranti ba. Nisan da kake sa harsashi cikin faranti kowane lokaci, kana haki, shi ne iyakarka, ko da bindigar tana iya fin haka. Na'urar auna nisa dole ce, domin a buɗaɗɗen dutse ido yana ƙarya.

Jiki kuma a fara tun Yuni: tafiya da jaka mai kilo 15, a hau tudu ko matakala, ana ƙarawa a hankali, cikin takalmin da za a yi farautar da shi. Birnin Denba ma yana mita 1,600 sama da teku, kuma daga mita 2,500 ciwon tsayi yana kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Kwana ɗaya ko biyu a matsakaicin tsayi kafin ka hau, ka yawaita shan ruwa. In numfashi ya yi wuya kana zaune, ko tafiya ta zama tangaɗi, sauka nan take.

Tufafi a yi su hawa-hawa, na ulu ko na roba, ban da auduga mai riƙe gumi. Fitilar goshi biyu, wuƙa mai kaifi, jakunkunan nama, sarƙar taya da shebur a mota, da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam irin Garmin inReach. Bar wa wani a gida sunan wurin da kake da ranar da za ka fito. Lokacin sallar asuba yakan riske ka a kan hanyar hawa, don haka ka sa shi cikin lissafin tashi, ka kuma ajiye gorar ruwa cikin jakar barci don kada ta daskare.

Daga hangowa zuwa harbi

In ka ga namijin da kake so yana kiwo da safe, kada ka ruga. Zuba masa ido har ya kwanta. Sa alamar wurin a waya, ka kuma riƙe wani abu da za ka gane in ka isa, kamar busasshen itace ko farin dutse, domin wuri yana sauya kama in ka matso. Iska ita ce alƙali. Da dare da sassafe tana gangarowa ƙasa, in rana ta dumama dutse sai ta juya tana hawa. Shi ya sa ake jira ta daidaita, a zagaya ta bayan tudu, a sauko masa daga sama. Yana iya jin ƙara ya yi shakka, yana iya ganin motsi ya tsaya kallo, amma in ya shaƙi warinka magana ta ƙare. Ka kuma lura da matan da ke kewaye, su ne suka fi tona asiri.

Tabbatar da ƙaho, tabbatar da abin da ke bayansa, jira ya ba ka gefe, ka nufi bayan kafaɗa. Ambaci sunan Allah yayin harbi, in ka iske shi da sauran rai ka yanka. In ya ruga, riƙe inda yake tsaye da inda ya ɓace, ka dakata kamar rabin sa'a kafin ka bi jini.

Nama

Kafin komai, cike takardar da ke jikin lasisi ka sa hannu yadda littafin doka ya ce, kuma ka bar shaidar jinsi manne da ɗaya daga cikin cinyoyin. Dokar Kolorado ta wajabta fitar da ƙafafu huɗu, naman gadon baya da na cikin ƙugu. Feɗe da wuri, sa naman a jakunkuna, rataye a inuwa inda iska ke bi, burinka ya sauka ƙasa da digiri 4. Babban namiji yana ba da tsokar da ta kai kilo 25 zuwa 35, ga kai da kayanka, don haka mutum ɗaya yakan yi sawu biyu. Wannan lissafin tun a taswira ake yin sa: kada ka zaɓi kwarin da ba za ka iya fito da nama daga cikinsa ba.

Saura cutar da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda ake kira CWD. An fara gane ta a 1967 a wata cibiyar bincike da ke Fot Kolins a Kolorado, kuma dafuwa ba ta kashe abin da ke haddasa ta. A wasu yankuna gwajin dole ne, hukuma takan aiko da wasiƙa. Ko ba dole ba ne ka kai kan a gwada, ka sa safar hannu wurin fiɗa, ka guji ƙwaƙwalwa da lakar baya. Hukumomin lafiya na Amurka sun ba da shawarar kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da cutar, saboda haka ka rubuta alama a kan ƙunshin naman, ka ajiye shi daban a firiza har sakamako ya fito. In za ka tsallaka zuwa wata jiha, duba dokarta tun kafin ka taso, domin da yawa ba sa barin a shigo da kai mai ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya, sai tsoka da ƙoƙon kai da aka wanke tas.